Yadda ake gyara jelkot a jikin jirgin ruwa na faiba

Jirgin faiba, ko mai ɗaukar fasinja ne a tafkin Kainji da kwatar Lokoja, ko ƙaramin mai gudu a ruwan Legas, jikinsa hawa biyu ne. A ciki akwai faibar kanta, wato zaren gilas da aka jiƙa da rezin ya daskare, ita ce ƙarfin jirgin. A waje kuma akwai shafin nan mai santsi da sheƙi, fari ko shuɗi, shi ne jelkot. Mutane da yawa suna ɗauka fenti ne. A'a, rezin ne na foliyesta da aka zuba wa launi, shi ake fara shafawa a cikin mazubi kafin a shimfiɗa faiba a kansa, kuma kaurinsa kusan rabin milimita ne kacal. Aikinsa ya tare ruwa da rana. Da zarar ya ɓantale, ruwa zai riƙa bin zaren yana shiga ciki a hankali, abin da za a gyara da yamma ɗaya ya koma aikin sati.

Shafa jelkot a rami ba ya ɗaukar minti biyar. Abin da ke sa gyara ya zauna ko ya faɗo shi ne busar da wurin, da buɗe raunin yadda ya kamata, da auna hadna, wato ruwan da ke sa jelkot ya daskare. Nan zan fi tsayawa.

Kayan da za ka tanada

Jelkot mai launin jirginka, ko fari tare da ɗan launin da ake haɗawa da rezin. In ka je saye, tambayi mai shago ko akwai kaki a ciki ko babu, domin iri biyu ne, kuma bambancinsu zai zo a mataki na 8. Ka tambayi yaushe aka kawo shi. Jelkot ba ya jimawa, bayan 'yan watanni a ɗaki mai zafi sai ya fara kauri yana guda-guda.

Hadna, wadda a jikin kwalbarta za ka ga an rubuta MEKP. Ruwa ce fara tas. Ba ita ce jar hadnan nan mai kauri ta bodi-fila ba, kada ka musanya su.

Sirinji biyu daga kemis: ƙaramin mai ɗaukar mililita 1 don hadna, da mai mililita 10 ko 20 don jelkot. Cire allurar ƙarfen ka jefar, hadna ba ta shiri da ƙarfe.

Asiton da fararen tsummokaran auduga masu tsabta. Tsumma mai launi yana zubar da rini a wurin.

Sanfefa: lamba 80 da 120 na busasshen aiki, sai 320, 400, 600, 800, 1000 da 1200 ko 1500 irin wanda ake gogawa da ruwa. Da ɗan guntun katako mai shafaffen ciki, faɗinsa kamar yatsu biyu, wanda za ka naɗe sanfefa a kai.

Abin kankara: ƙaramin inji mai juyawa irin Dremel in akwai, in babu, kusurwar kurfi ko bakin sukuddireba da aka wasa. Sai reza sabuwa, salatif na takarda, tsohon katin ATM ko na layin waya don shafawa, da tsinken katako na motsawa.

Garin silika mai ƙara kauri, ana sayar da shi da sunan Cabosil ko Aerosil. Leda mai tauri mai haske, ko ruwan PVA, wanda ake fesawa a kan jelkot don raba shi da iska. Kamfawun na goge fentin mota, da folish mai kaki.

Kofin haɗi ya zama na takarda ko gindin robar da ka yanke. Kofin farin soso irin na shayi narkewa yake yi da zarar jelkot ya taɓa shi.

Idan babu mai sayar da kayan jirgi kusa da kai, nemi masu gyaran tankin ruwa na faiba ko masu ɗinke bambar mota da faiba. Rezin, tabarmar faiba da hadna duk iri ɗaya kuke amfani da su, kuma sun san inda ake samowa.

Kafin ka buɗe kwalba

Hadnan nan ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum. Sa tabarau mai rufe gefe, sa safar hannu ta roba, ka ajiye bokitin ruwa mai tsabta a kusa. In ta fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15, sannan a wuce asibiti ba tare da jira ba. Akwai kuma wani ruwa mai launin shunayya da wasu shaguna ke ba da shi tare da rezin, wato kobal, mai hanzarta daskarewa. Kada ka taɓa haɗa shi kai tsaye da hadna, wuta suke tashi nan take. Yawancin jelkot an riga an zuba masa kobal tun daga kamfani, ba ka ma buƙatarsa.

Asiton da warin jelkot suna kama wuta. Babu sigari, babu murhun mai shayi a kusa, tankin fetur na jirgin ma a fitar da shi. Yi aiki a inuwa inda iska ke wucewa, ka sa takunkumi lokacin kankara da goge-goge.

1. Fito da jirgin, wanke shi, ka san irin raunin

Ja shi tudu, ka ɗora a kan tayoyi ko katakai yadda ba zai motsa ba. Wanke wurin da omo da ruwa, har da tazarar taki ɗaya kewaye da shi, ka cire laka da gansakuka da man inji.

Yanzu duba da kyau. Ja farcenka a kan raunin. Idan ƙarzuwa ce da farce bai maƙale a ciki ba, ba ka buƙatar jelkot ko kaɗan: tsallaka zuwa mataki na 9, ka fara daga sanfefa 600. Idan farce ya maƙale amma launin ƙasan ramin ɗaya ne da na sama, raunin bai wuce jelkot ba. Idan ka hango wani abu mai duhu-duhu ko ruwan ƙasa da zare-zare, ya kai faiba. Akwai kuma tsage-tsagen nan sirara masu fita daga wuri ɗaya su bazu, waɗanda ake yawan gani inda jirgi ya bugi dutse ko kusa da ƙusoshin kujeru.

Ɗauki kwabo ko ƙotar sukuddireba ka riƙa ƙwanƙwasa kewayen wurin. Lafiyayyen jiki yana ba da ƙara mai kaifi, kas-kas. Inda faiba ta rabu da juna a ciki, sai ka ji ƙarar ta mutu, bus-bus. Zagaye duk inda ya yi wannan ƙarar da fensir. Danna da babban yatsa kuma: in wurin yana lotsawa, matsalar ba ta jelkot ba ce, faibar ce ta karye, kuma duk jelkot ɗin da ka shafa a kai zai sake tsagewa a tafiyar farko. Irin wannan sai an fara da aikin faiba da na bayyana a ƙasa.

Wuri ɗaya ne ba na ba sabon hannu shawarar ya taɓa: bangon baya inda ake ɗaura inji. Sau da yawa akwai katako a cikinsa. In ka ga tsaga a kusurwoyinsa, ko ruwa mai launin shayi yana tsattsafowa daga ramin ƙusa, ko bangon yana motsi in ka girgiza ƙafar inji, katakon ya ruɓe. Kai shi wurin wanda ya iya, musamman jirgin da ke ɗaukar mutane.

2. Bari ya bushe

Rezin na foliyesta ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Ƙaramar ɓantara a saman iyakar ruwa, wato layin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, yini ɗaya a rana ya isa. Wadda ke ƙasa, wadda ta daɗe tana shan ruwa, tana iya cin kwanaki, kuma sai an buɗe ta sannan take bushewa da gaske, saboda haka za ka yi mataki na 3 ka dawo ka jira.

Ga gwaji mai sauƙi. Manna 'yar leda mai haske a kan wurin, ka rufe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta a rana na wasu awoyi. In ka dawo ka tarar da raɓa a cikin ledar, da sauran ruwa. Masu jirgi ba sa son jin wannan, domin kowace rana a tudu asarar kuɗin lodi ce. Amma wanda ya rufe ruwa a ciki zai sake fito da jirgin kafin damina ta ƙare. Lokacin hunturu, da iskarsa busasshiya, shi ya fi dacewa da duk wani babban gyara.

3. Buɗe raunin

Sabon hannu yakan ji tsoron ƙara wa ramin girma. Dole ne. Jelkot mai kauri ne, ba zai shiga siririyar tsaga ba, a baki zai tsaya ya rufe ta, bayan wata guda tsagar ta sake bayyana.

Bi tsagar da abin kankara, ka mai da ita kwari mai faɗin baki da tsukakken gindi, faɗin bakin kamar milimita 2 zuwa 3. Bi ta har inda ta ƙare, ka ɗan wuce kaɗan. In ba ka ganin ƙarshenta, shafa mata tawadar biro ko maka, ka goge saman da asiton, tawadar da ta shige ciki za ta nuna maka hanya. Ka sauka har gindin tsagar, wato har ka taɓa faiba, amma kada ka ci faibar.

In ɓantara ce, sa bakin reza a ƙarƙashin gefunanta ka ɗaga. Duk abin da ya ɗago, cire shi, ko da ramin zai ninka. Wani lokaci za ka tarar da kogo a ƙarƙashi, iska ce da ta maƙale tun ranar da aka ƙera jirgin, an fi samunta a kusurwoyi. Fasa shi duka. Sannan ka kwantar da gefen ramin da sanfefa 80, ya zama gangare, ba tsaye ba. Gefe mai tsaye yana barin zobe da ido ke gani ko da launi ya dace. Cikin ramin ma a ƙarje shi da 80 ko 120, kada a bar ko ɗigon wuri mai sheƙi, sabon jelkot ba ya kama santsi.

Idan ƙasan jirgin an shafa masa fenti, kankare fentin har ka kai jelkot na asali, tazarar yatsu uku kewaye da ramin.

4. Goge da asiton, kewaye da salatif

Kaɗe ƙurar, jiƙa tsumma da asiton, ka goge ta gefe ɗaya, ka juya tsumman, ka sake. Goge-gogen gaba da baya maiƙon kawai yake yaɗawa. Kada ka yi amfani da fetur ko kananzir, suna barin maiƙo. In asiton ya gagara, tina mai kyau ta fentin mota za ta yi maleji, amma ka ba ta lokaci ta tashi sarai. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin.

Kewaye ramin da salatif, ka bar kamar milimita 2 tsakaninsa da bakin ramin. A jikin da ke tsaye, manna takarda a ƙasa saboda ɗigo.

5. Daidaita launi

Jirgin da ya shekara biyar a rana ba launin da ya fito da shi daga kamfani yake ɗauke da shi ba. Fari yakan koma ruwan madara, shuɗi ya kode. Saboda haka kafin komai, goge wani ɗan wuri kusa da ramin da kamfawun har ya yi sheƙi. Wannan launin za ka bi, ba na ƙurar da ke sama ba.

Zuba jelkot wanda zai ishe ka duka aikin, har da ragowa, a kofi ɗaya, ba tare da hadna ba. Tsoma bakin tsinke a launi, ka ɗiga, ka motsa sosai. Farin jirgi da ya tsufa yawanci ɗan rawaya yake so, wani lokaci da ƙyas na baƙi ko ruwan ƙasa. Ƙyas nake nufi: abin da ya maƙale a kan tsinken sakace ya isa ya juya rabin kofi. Ɗiga kaɗan a kan wurin da ka goge, ka baje da yatsa cikin safa, ka ja da baya taku uku ka duba. Bai yi ba, goge da asiton, ka gyara, ka sake. Tunda babu hadna, ba abin da ke korarka. Yi wannan da hasken rana amma a inuwa, ba da fitila ba.

Launin yakan ɗan sauya bayan ya daskare, don haka wanda ke son aiki mai kyau sai ya ɗebi kaɗan ya sa hadna, ya bari ya daskare a kan leda, ya kara da jikin jirgin. Launin rezin kawai za a zuba. Fentin mai ko na gida yana hana shi daskarewa yadda ya kamata.

Ni dai a ganina, jirgin haya da ke gogar kwata kullum bai cancanci a ɓata rabin yini wajen neman launi ba. In ya yi kusa, ya wadatar. A ƙasan jirgi kuwa kifi ne kaɗai zai gani.

6. Ƙara kauri, sannan hadna

A shimfiɗaɗɗen wuri jelkot yana zama yadda yake. A tsaye ko a kife, gangarowa zai yi. Zuba garin silika kaɗan-kaɗan kana motsawa, har ya yi kauri irin na man goge baki, ya tsaya a kan tsinke bai zuba ba. Garin yana tashi sama da ɗan motsi, sa takunkumi. In babu silika, kada ka zuba fulawa ko hodar jiki, suna shan ruwa. Gara ka jingina jirgin yadda ramin zai kalli sama, ko ka cika shi a shafi biyu ko uku marasa kauri.

Yanzu hadna. Ƙa'idar ita ce kashi 2 cikin 100 a yanayi mai sauƙi, kamar digiri 25. Wato mililita 50 na jelkot, mililita 1 na hadna. Mililita 10, hadna 0.2. A haka kana da minti 10 zuwa 15 kafin ya fara kamawa. To amma a watan Maris zuwa Mayu, a gaɓar Neja ta wajen Yawuri, zafi yana haura digiri 40, kuma jikin jirgin da ke rana ya fi haka. A irin wannan zafin, haɗin kashi 2 na iya daskarewa kafin ka gama shafawa. Sauko zuwa kashi 1.5, ka yi aikin da sassafe, a inuwa, jikin jirgin ya huce. Kada ka sauka ƙasa da kashi 1, domin ba zai taɓa yin ƙarfi sosai ba. Kada kuma ka wuce kashi 3. In gwangwanin ya zo da nasa ma'aunin, bi nasa.

Kuskuren da na fi gani shi ne zuba hadna da ido, a ce a ƙara don ya yi saurin bushewa. Yana yin saurin, amma sai ya fito da ƙananan ramuka, launin ya juya, ya yi gautsi. Sirinjin nan na kemis shi ne maganin wannan duka.

Ɗebi kaɗan daga kofin launi zuwa wani kofin, abin da za ka iya shafawa cikin minti biyar, shi kaɗai za ka sa wa hadna. Motsa minti ɗaya cur, kana kankaro gefe da gindin kofin, a hankali don kada iska ta shiga. Riƙe kofin ta baki, zafin tafin hannu ma yana hanzarta shi. Da ka ji gindin kofin ya fara ɗumi, ko ka ɗaga tsinke ka ga abin yana jan zare yana karyewa, lokacinsa ya wuce. Kada ka yi ƙoƙarin ceto shi da asiton. Ajiye shi, haɗa sabo.

Ragowar da ke kofi tana yin zafi sosai, mai yawa har hayaƙi take yi. Ajiye ta a ƙasa a fili, nesa da tsummokaran asiton, sai ta huce ta zama dutse sannan a zubar.

7. Cika ramin

Fara da ɗan kaɗan a bakin tsinke, ka cusa shi cikin gindin ramin da kusurwoyinsa, kana dannawa don iska ta fito. Sannan ka ƙara, ka ja kati a kai sau ɗaya ko biyu, gefunan katin suna hawa kan salatif. Kaurin salatif ɗin shi zai bar maka ɗan tudu sama da jikin jirgin, kuma ana son hakan, domin jelkot yana ɗan shanyewa in ya daskare. Wanda ya shafe shi daidai da jiki zai dawo ya tarar da kwari. In ka ga kumfa, fasa ta da bakin reza tun yana ɗanye.

Ramin da ya wuce milimita 2 zurfi kada a cika shi da jelkot zalla, gautsi gare shi in ya yi kauri. Cika ƙasan da rezin da aka cakuɗa da yankakken zaren faiba, ka bar kamar milimita 1 a sama don jelkot. Bodi-fila ta mota tana da sauƙin samu, kuma masu gyara da yawa suna amfani da ita, amma tana shan ruwa. A saman jirgi, a rufe ta da jelkot, za a iya haƙuri da ita. A ƙasan iyakar ruwa, a'a.

8. Raba shi da iska

Jelkot marar kaki, duk fuskar da iska ke taɓawa ba ta bushewa. Cikin zai yi ƙarfi, saman ya zauna da danƙo ko bayan kwana uku, ya riƙa toshe sanfefa. An yi shi haka ne da gangan don faiba ta kama shi a cikin mazubi. Sabbin hannu da yawa a nan suke zaton an sayar musu da jabu.

Hanya uku ce. Ta farko, ka sayi mai kaki a ciki, ko ka zuba ruwan kaki na rezin bisa ma'aunin da ke jikin kwalbarsa. Kakin yana tasowa sama ya rufe fuskar. Sai dai in za ka yi shafi biyu, na ƙarshe kawai za a sa wa kaki, in kuwa ka riga ka sa, sai ka goge da sanfefa da asiton kafin ka ƙara wani. Ta biyu, ka fesa PVA bayan jelkot ya fara kamawa, daga baya ruwa ke wanke shi. Ta uku, wadda na fi so a ƙananan ramuka, leda. Samu ledar laminatin daga shagon masu hoto da kwafi, ka yanko wadda ta fi ramin faɗi, ka ɗora ɓangarenta mai sheƙi a kan ɗanyen jelkot daga gefe ɗaya, kana kwantar da ita a hankali don iska ta gudu, ka bi da kati sau ɗaya, ka manne gefuna. In ka ɓare ta, wurin zai fito sumul, goge-gogen da ya rage kaɗan ne. Ledar naɗe abinci ma tana yi, amma tana yamutsewa, za ka sha sanfefa.

Bar shi ya kwana. Awa biyu zuwa huɗu yakan yi tauri, amma bai gama shanyewa ba. Da safe danna farce: in ya bar alama, jira. In har bayan yini guda yana da laushi ciki da waje, hadna ta yi kaɗan ko ta lalace. Babu gyara sai kankarewa, a wanke da asiton, a sake.

9. Sanfefa

Nan ake ɓata aikin da ya yi kyau. Ka tuna tsohon jelkot da ke kewaye rabin milimita ne, kuma rana ta riga ta ci wani abu daga ciki.

Fara rage tudun da reza. Naɗa salatif zagaye ɗaya a kowane gefen rezar, ka bar tsakiyarta a buɗe. Riƙe ta a tsaye, ka riƙa jan ta a kan tudun. Gefunan da ke da salatif suna zamewa a kan lafiyayyen jiki ba tare da sun ƙarje shi ba, tsakiyar kuma tana aske sabon jelkot, yana fitowa fari siri-siri yana nannaɗewa. In ta daina cin komai, tudun da ya rage kaurin salatif ne kawai.

Sa sabon salatif kewaye da wurin, naɗe 320 a katako, jiƙa da ruwa mai ɗan sabulu, ka goga. Da katako, ba da yatsa ba. Yatsa rami yake yi. In sanfefa ta fara cin salatif, cire shi, ka zana layukan fensir a kan gyaran da kewayensa, ka koma 400. Inda fensir ya rage, nan ne kwari. Daga nan 600, 800, 1000, 1200, kowace lamba tana ɗan faɗaɗa wurin kaɗan, kuma kana sauya hanyar gugar don ka ga ko ƙarzuwar lambar baya ta ɓace. Kada ka tsallake lamba biyu a jere. Riƙa share ruwan kana dubawa. Da ka hango wata inuwa mai duhu tana tasowa a gefen gyaran, tsaya nan take, faiba ce ke leƙowa. A kusurwa da kan ƙashin jirgi abin ya fi saurin faruwa.

Ƙananan ramuka in sun bayyana, goge da asiton, ɗiga sabon haɗi da bakin tsinke, rufe da leda, ka maimaita.

10. Sheƙi

Kamfawun a tsumma mai laushi, ka goga da ƙarfi har dusashewar ta tafi. Da inji, sa shi a ƙaramin gudu kuma kada ka tsaya wuri ɗaya, zafi yana ƙona jelkot ya bar rawaya. Wanke, sannan folish mai kaki. Ka ba gyaran da ke ƙasan iyakar ruwa kwana biyu ko uku kafin ka mai da jirgin kogi.

Idan raunin ya ci faiba

Kankare duk farin zaren da ya farfashe da giranda, har ka kai faiba mai kyau, mai duhu, marar fari-fari. Kwantar da gefen sosai: ƙa'idar masu aikin ita ce faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin sau 12. Jiki mai kaurin milimita 5, gangaren milimita 60 kenan ta kowane gefe. In ramin ya huda, toshe bayansa da kwali da aka lulluɓe da leda.

Yayyaga tabarmar faiba mai nauyin giram 300 ko 450 a kowace murabba'in mita da hannu, kada ka yanka da almakashi, yagaggen gefe ya fi narkewa cikin jiki. Yi su girma-girma. Shafa rezin mai hadna a wurin, ɗora tabarma, ka riƙa dannawa da bakin buroshi, ba ja ba, har farinta ya ɓace ta koma garai-garai. Duk inda ya rage fari, iska ce ko rezin bai shiga ba. Kada ka wuce hawa uku a lokaci ɗaya saboda zafi. In hannu yana kaiwa ta cikin jirgin, ƙara hawa biyu ta can ma. Bayan ya daskare, daidaita shi da 80, ya zauna ƙasa da jiki kamar milimita 1, ka ci gaba daga mataki na 4.

Ana yin wannan aikin da efoksi ma, wato wani irin rezin daban, kuma ya fi riƙo. Sai dai jelkot ba ya kama efoksi da kyau, don haka wanda ya bi ta nan ya shirya rufewa da fenti.

Ƙurajen ƙasan jirgi

Jirgin da ke kwana cikin ruwa shekara da shekaru yakan fito da ƙuraje a ƙasansa, daga girman ƙwayar wake zuwa na kwabo. Ruwa ne ya ratsa jelkot ya taru a baya. An fi ganinsu da zarar an fito da jirgin, bayan kwana biyu sukan lafa, saboda haka zagaye su da maka tun a ranar. Sa tabarau kafin ka fasa, domin ruwan ciki yana da tsami mai ƙuna, yana wari kamar binega, kuma da ƙarfi yake fitowa. Buɗe kowanne har lafiyayyar faiba, wanke da ruwa mai tsabta, ka riƙa maimaita wankin kowane 'yan kwanaki, domin rana kaɗai ba ta fitar da tsamin. Bushewarsu makonni take ci. Gwajin leda na mataki na 2 shi zai gaya maka lokaci ya yi. Waɗannan da efoksi mai kauri ake cika su, ba da jelkot ba, a daidaita, sannan a bi duk ƙasan da shafin efoksi mai hana ruwa kafin fenti.